Kukan da Ya Fito a Jarida

Italiya, 9 ga Maris

Yaya Breshna,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ke da Inna da Muska. Yaya gwiwar Inna? Ki ce mata ta daina hawa saman rufi shanyar barkono, ta bar wa jikarta. Ni lafiyata ƙalau, tarin nan ya tafi, aiki a masana'antar famfo yana nan yadda kika san shi.

Na kira ranar na ce muku ina raye, amma kin san mu da waya, ba ma wuce "lafiya lau". Inna kuma ba ta ji sosai, ta fi son ki karanta mata a takarda. To ga yadda abin ya kasance.

Ranar Talata da safe bom ya tashi a tashar jirgin ƙasa ta garinmu. Mutum goma sha tara suka mutu. Cikinsu har da Ilaria, 'yar Sinyora Ottavia, matar da nake haya a ɗakinta na sama shekara huɗu ke nan. Kofi take sayarwa a wata 'yar rumfa cikin tashar. Ita ta koya mini cika takardun asibiti lokacin ban iya harshensu ba, kuma kullum sai ta tsokane ni wai shayina sukari ne da aka ɗiga wa ruwa. Saura wata biyu bikinta. Rigar auren tana rataye a ɗakin uwarta.

Na je asibiti na ba da jini, layin har titi. Washegari da yamma aka taru a dandalin gari, kowa da fure ko kyandir. Ni ma na sayi fure na ajiye. Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba, ban kuma lura akwai mai ɗaukar hoto kusa da ni ba. Ga shi na yanko miki daga jarida, kar ki gani a wani wuri hankalinki ya tashi.

Wallahi Yaya, ban taɓa ganin makoki irin wannan ba. An rufe makarantu, an sauke tuta, kwana uku ba a zancen komai sai su.

Ki taya uwarta da addu'a, Allah ya ba ta haƙuri. Ba ta ci abinci ba tun ranar.

Ƙaninki,
Baryalai

Peshawar, 27 ga Maris

Baryalai,

Mun gode Allah da ka tsira. Inna lafiya, gwiwar da sauƙi. Muska ta ci jarrabawarta. Ni ma ina nan kan keken ɗinki. Gaisuwar ke nan, yau ba ni da doguwa a bakina.

Sau uku na karanta takardarka. Da na zo karanta wa Inna, na tsallake layi ɗaya. "Ban taɓa ganin makoki irin wannan ba." Gaskiya ka faɗa, ba ka gani ba. Ina za ka gani, ba ka zo ba?

Bari in tuna maka, tunda ruwan Turai ya wanke maka kai. Shekara uku da suka wuce mijina Sher Zaman ya fita kasuwar takalma zai sayo wa Muska na makaranta. Mutum arba'in da huɗu, Baryalai. A tsakar asibiti aka jera su a ƙasa don gadaje sun ƙare. Da agogonsa na gane shi. Da agogo. Washegari da hantsi an share wurin, an wanke da tiyo, masu gasa tsiren kabab sun hura wutarsu. Talabijin ɗin Turawanka layi ɗaya suka ba mu, yana gudu a ƙasan allo, a sama ana nuna ƙwallo. Wa ya sauke tuta? Wa ya rufe makaranta? Ranar Litinin Muska ta koma aji da tsohon takalminta.

Kai kuma ka kira ka ce takardun zamanka ba su fito ba, in ka fita ba za su bar ka ka koma ba. Na ce na fahimta. Na haɗiye. Muryarka ranar ko rawa ba ta yi ba. Yau ga ka a jarida, fuska jage-jage da hawaye, fure a hannu, a kan 'yar mai gidan haya.

Hoton ma ya riga takardarka isowa. Wani ya gani a wayarsa, kafin la'asar duk layinmu ya gani. Baffa Rahmat Shah ya zo har gida, ko zama bai yi ba.

"Breshna, ɗan'uwanki ya koma kunna kyandir ke nan? Jiragen yaƙin Turawa na shawagi a kan ƙauyukanmu, shi yana can yana yi musu kuka a gaban duniya?"

Na ce, "Baffa, zauna ka sha shayi." Me zan ce? Tun da aka haife ni ban taɓa yarda da maganar Baffa ba sai ranar.

Ban ce yarinyar ta cancanci abin da ya same ta ba, Allah ya tsare bakina. Amma tana da duniya guda mai yi mata kuka, ba ta rasa hawayenka ba. Ba namu ba ne. Su yi kukan nasu, mu yi namu.

Kar ka ƙara aiko mini da hoto.

Breshna

Italiya, 12 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaishe ku duka. Ki ce wa Muska kawunta ya ji, ya yi murna, tukuicinta na nan tafe. Ki shafa wa Inna man zafin nan a gwiwa ko da ta ce ta warke. Ni lafiya, in ban da rashin barci.

Yanzu ki saurare ni, don ni ma raina a ɓace yake.

Kin karanta layin nan a baibai. Abin da nake nufi, ban taɓa ganin gari guda ya tsaya cak saboda matattunsa ba. Ina tsaye a dandalin ina cewa a raina, ashe ana yin haka? Ashe ana iya tsayar da gari? To me ya hana a tsayar da namu? Kin ce muryata ba ta yi rawa ba. A bayan masana'anta nake tsaye ranar, shugaban sashenmu yana nuna mini agogo ta taga. Na kashe waya na koma kan inji. Shekara uku ban sami wurin da zan yi kukan Sher Zaman ba, mutumin da ya koya mini tuƙa babur, ya raka ni tashar mota ranar tafiyata, ya cire hularsa ya ɗora mini a ka. Rabin hawayen da kika gani nasa ne. Ɗaya rabin na Ilaria ne, kuma ba zan ba kowa haƙuri a kansa ba, ko ke ko Baffa.

Kina son jin yadda ake yi da ɗan'uwanki mai kyandir? Akwai wanda muke aiki inji ɗaya shekara huɗu, ya sha cin gurasata. Muna hutun rana ya tsaya a kaina gaban kowa. A nan Bari suke kirana, ba sa faɗin sunan duka.

"Bari, faɗa mana, me ya sa kuke yin haka?"

Na ce, "Mu su wa?"

Ya ce, "Ku mana."

Na ce, "Irin mutanen nan ne suka kashe mijin yayata. Ka taɓa zuwa ka yi mini ta'aziyya?"

Ya ce shi bai sani ba. Na ce ai ba ka tambaya ba. A cikin bas wata ta ga na zauna, ta ɗauke jakarta ta koma baya. An yi rubutu a ƙofar masallacinmu wanda ba zan kwafa miki ba.

Sannan Sinyora Ottavia. Kwana goma bayan jana'iza ta hawo bene ta tsaya bakin ƙofata, idonta a ƙasa.

"Bari, ba ka yi mini komai ba. Amma duk sanda na ji takunka a bene, fuskar wancan mai bom ɗin da aka buga a jarida nake gani. Ka nemi wani wuri."

Na tattara kayana. Yanzu ɗaki ɗaya muke da wasu mutanen Gujrat su uku, kusa da masana'anta. Sabon adireshin na bayan takardar.

Can gida ni mai kyandir ne, nan ni mai bom ne, kowa na so in zaɓi gawar da zan yi wa kuka. Ba zan zaɓa ba. Ki faɗa wa Baffa waɗanda jirgi ya kashe a ƙauye ma na yi musu kuka, sai dai ba mai ɗaukar hoto a wurin.

"Ba namu ba ne." Da hannunki kika rubuta wannan, Yaya?

Baryalai

Italiya, 22 ga Yuni

Yaya Breshna,

Ina gaisuwa. Ina fata Inna da Muska lafiya.

Wata biyu da kwana goma shiru. In na kira, Muska ce ke ɗauka ta ce kina ɗinki. Na ƙyale, na ce fushi ne, zai sauka.

Jiya na ji abin da ya faru a cocin da ke bayan tashar kekunan haya na riksha. Tafiyar minti goma ce daga gidanmu, na san hanyar da ƙafata. Muska ta ce duk kuna lafiya, amma ta ce kin fita tun safe, ta ƙi faɗa mini inda kika je. Muryarta ba ta yi mini ba.

In fushi ne, ki ci gaba da yin sa, haƙƙinki ne. Amma ki rubuto layi ɗaya da hannunki in gani.

Ƙaninki,
Baryalai

Peshawar, 8 ga Yuli

Ƙanina Baryalai,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, ga hannuna ka gani. Inna ta yi zazzaɓi kwana uku, ta miƙe. Zafi ya yi yawa, wuta kuma sai sun ga dama. Kai ma ka riƙa cin abinci, mutanen Gujrat ba su san komai ba sai mai.

Tun Afrilu na rubuta maka amsa, shafi huɗu, duk zagin matar da ta kore ka. Ban aika ba, saboda kai ma ka sami rabonka a ciki. Abin da ka faɗa kan Sher Zaman na karɓa. Ba zan ƙara tayar da shi ba.

Akwai wata da ban taɓa ba ka labarinta ba. Sunanta Rubina, nas ce, Kirista, a asibitin da aka kai su Sher Zaman. Ranar na shiga tsakar asibitin nan ban san ta ina zan fara dubawa ba. Ita ta kama hannuna. Ta ce, "'Yar'uwa, kar ki duba. Ni zan duba, ke dai faɗa mini abin da ya sa." Ta bi layi da ni, tana durƙusawa tana ɗaga mayafi kaɗan tana mayarwa. Ita ta kwance agogon, ta wanke, ta sa mini a tafin hannu. Tun daga nan muke tare. Kayan 'yarta Saima duk ni nake ɗinkawa, sa'ar Muska ce.

Lahadin nan da ka ji labari, an fito daga ibada ana rabon shinkafa a harabar cocin. Mutum ashirin da shida. Rubina tana bakin aiki aka fara shigo da su. Ta durƙusa ta ɗaga mayafi yadda ta saba, sai ga mijinta Barkat. Mutum biyu gaba da shi, Saima. Rigar da ke jikinta ni na ɗinka.

Washegari na dafa miyar wake na yafa mayafina zan fita. Baffa na zaune a tsakar gida yana shan koren shayi da Inna.

"Sai ina?"

"Ta'aziyya."

"Wa ya rasu a dangi ban ji ba?"

Na faɗa masa. Ya ajiye kofi.

"Breshna, nemi wuri ki zauna. Allah ya kyauta, amma ba namu ba ne. Su yi kukan nasu."

Baryalai, kalma da kalma, kamar ya buɗe takardata ya karanta. Ranar da na rubuta ta ban ji warinta ba. Sai da ta fito daga bakinsa na ji shi.

Na ce, "Baffa, ranar da ake neman surukinka cikin gawarwaki, kana ina?"

"Ina masallaci ina yi masa addu'a."

"To ita tana durƙushe cikin jininsa. Matsa mini in wuce."

Ya ce, "Ni kike faɗa wa haka? Ni, ƙanin ubanki?"

Sai Inna, wadda muke cewa ba ta ji, ta ɗago kai ta ce, "Ki haɗa da sukari. Gidan makoki sukari ba ya isa."

Baffa ya rantse ba zai ƙara taka gidanmu ba. Mata uku a layinmu sun zo sun karɓe yadinsu ban ɗinka ba. Ɗaya ta ce tunda na ci a kwanonsu kar in ƙara taɓa nata. Na ce ta ɗauki kwanon ta sa a akwati ta kulle. Kwana tara ina zuwa gidan Rubina, shi ne inda Muska ta ƙi faɗa maka, don na hana ta.

Kar ka ɗauka na huce. Na zauna gaban talabijin ina jiran in ga ko Turawanka za su rufe makaranta saboda waɗannan, tunda addininsu ɗaya. Layi ɗaya a ƙasan allo. Addini ɗayan ma bai saya musu minti biyar ba. Mu kuma na nan, manya sun zo da motoci an ɗauke su hoto sun tafi, ko takalmi ba su cire ba. Raina a ɓace yake da su, da Baffa, da matar da ta kore ka, da ni kaina.

Ga 'yar takarda a ƙasa. Ka kai mata, ka fassara mata yadda take. Kar ka gyara, kar ka sassauta, na san halinka.

"Zuwa ga mahaifiyar Ilaria. Ni ce yayar Baryalai. Bom ya kashe mijina shekara uku da suka wuce. Kin yi wa ƙanina rashin adalci, kuma kin sani. Ni ma na yi wa 'yarki, ke ce ba ki sani ba. Allah ya ba ki haƙurin rashinta."

Yayarka,
Breshna

Italiya, 26 ga Yuli

Yaya,

Na ga hannunki, hankalina ya kwanta. Ki gaida Inna, ki ce mata na ji labarin kunnenta. Ki yi wa Rubina ta'aziyya a madadina, ki ce wani da ba ta sani ba yana gode mata.

Na je ranar Lahadi bayan azahar. Ta buɗe ƙofar kaɗan, sarƙa na maƙale. Ta rame ƙwarai, Yaya. Rigar barci ce a jikinta da tsakar rana. Na ce saƙo ne daga yayata, ta ce in karanta daga nan. A kan matakala na tsaya ina fassarawa. Da na zo wurin rashin adalci na ɗan tsaya.

Ta ce, "Karanta yadda ta rubuta."

Na karanta har ƙarshe. Ta dube ni ta tsakanin ƙofar.

"Yayarka ba ta da ladabi."

Na ce, "Haka take tun muna yara."

"Me ta yi wa 'yata?"

Na ce, "Ta ce ba tata ba ce, ba za ta yi mata kuka ba."

Ta gyaɗa kai kamar abin bai ba ta mamaki ba. Ba ta cire sarƙar ba, ba ta kuma ce in dawo ɗakina ba. Ban nema ba.

Amma ki ji abin da ya ɓata mini rai. Ina mutanen nan da suka cika dandali? Mai shagon ƙasa ya ce mini tun watan Mayu bai ga wanda ya hau benen nan ba sai mai kawo wasiƙa. Saurayin Ilaria ya koma garinsu. Jaridu sun koma kan zaɓe. Shara ta taru a bakin ƙofarta, ni na sauko da ita. Makokin da na yi ta yaba miki, ashe kwana ukun ne kawai, daga nan kowa ya kama gabansa, kamar dai masu kabab ɗinku.

Har na juya ta kira ni. Ta ce, "Bari, tunda ta riga ni da shekara uku, ka tambaye ta yaushe abin yake sauƙi. Kar ta yi mini irin maganar likita. Ta faɗa mini gaskiya, na ga ta iya."

To ga tambayar. Na ce mata zan kawo amsa.

Ƙaninki,
Baryalai

Peshawar, 11 ga Agusta

Baryalai,

Muna lafiya. An yi ruwa, gari ya ɗan yi sanyi. Inna ta ce kunnenta nata ne, ta ji abin da ta ga dama. Baffa bai zo ba har yau, shayinmu yana ta auki.

Ka ce wa matar nan ban san yaushe ba. Wata bakwai na yi kafin in ji ɗanɗanon abinci. Shekara ɗaya da rabi kafin in yi dariya ban ji kunya ba. Har yau ba na bi ta kasuwar takalma, sai in zagaya ta bayan gidan waya. Makon jiya na hango wani ta baya mai irin tafiyarsa, na bi shi har bakin titi, ina sane ba shi ba ne. Iyakar abin da na sani ke nan. In ta ce ya yi kaɗan, ka ce ita ta nemi gaskiya.

Saura kai. Bayan masu ta'aziyyar Sher Zaman sun watse na rufe ƙofata, ko Inna ba na son gani. Rubina ta riƙa zuwa duk ranar hutunta. In ce wa Muska ta ce ina barci. Sai ta zauna a dokin ƙofa minti goma, ta ajiye kwano, ta tafi. Sau shida ta yi haka. Na bakwai na buɗe don in zage ta, sai na ga na ba ta tabarma.

Don haka ka koma Lahadi. Ka dafa abinci ka kai, ka rage barkono. In ta rufe ƙofa, ka ajiye ka sauko da shararta ka tafi, Lahadi mai zuwa ka koma. Kar ka jira godiya, kar kuma ka yi mata wa'azi. Ban yafe mata korarka ba, wannan tsakanina da ita ne, ba ruwanka.

Ita ma Rubina tun da baƙi suka watse ta kulle kanta, yanzu ni ke zama a dokin ƙofarta. 'Yan unguwarsu har sun saba, wata tana fito mini da kujera. Jiya ta buɗe. Idonta a kumbure, gashi ba taza. Ta karɓi kwanon a tsaye ta ɗanɗana, ta yatsina fuska.

"Breshna, shekara uku ina son in faɗa miki. Ba ki iya miyar wake ba."

Na ce, "To ba ni abina."

Ta ƙi. Ta zauna nan ƙasa kusa da ni, ta cinye tas.

Yayarka,
Breshna